Kyanwar Fausiya da Karnukan Bayan Masallaci

Hannatu,

Na tafi da kyanwar Fausiya wurin likitan dabbobi, maƙwabcinmu Abdul-Jalil zai kai ni a motarsa. Na ga kin kwaso gajiyar asibiti, shi ya sa ban tashe ki ba.

Ina dawowa daga sallar asuba na tarar karnukan nan marasa gida na filin bayan masallaci sun rutsa ta a gindin katangarmu. Na yi kansu da sandata. Ni da na kwana a dajin Ningi kura tana shinshinar ƙafata, kare ne zai tsorata ni? Sun watse, amma ɗaya ya riga ya kama ta a cinya. Ni kuma gwiwa ta ƙi, sai da na zauna a ƙasa na huta kafin na iya ɗaukarta. Wallahi na gaji.

Abu ɗaya zan gaya miki. Ki daina zuba ƙashin kaza a ƙofar baya. Na san sadaka kike wa kyanwoyin unguwa, yadda uwarki take yi a gida, amma a nan karnuka kike kira mana. Khalas, shi ke nan, a bari.

Na naɗe kyanwar da hiramina, jinin bai tsaya ba tukuna. In amaryata Fausiya ta tashi ta tambaya, ki ce kyanwarta tana hannun kakanta. Kar dai ki yi mata alkawarin za mu dawo tare.

Babanki