Lungun da ke Tsakanina da Bernice

Toledo, 9 ga Afrilu

Yaya Lorraine,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya gwiwar taki? Allah ya sa zafin Arizona ya yi mata abin da likitocinmu suka kasa. Ki gaishe min da mijin naki, ki ce masa har yau ban yafe masa ɗauke min ke da ya yi ba.

Na san Doug ya riga ya kawo miki ƙarata, don ɗan nan nawa magana ba ta kwana a cikinsa. E, gaskiya ne. Na kafa allo a bakin titi, na rubuta lambar wayata da hannuna: gida na sayarwa, a nemi mai shi. Ba dillali, ba dillaliya. Ki yi faɗanki ki gama, allon dai yana nan.

Ba wai ban gwada ba. Wata dillaliya ta zo makon jiya, da takalmi mai tsini da turare mai hawa kai. Ta zaga gidan da marigayi Chet ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai tana taɓe baki. Wai in cire hotunan mijina daga bango, in yi wa kicin farin fenti, in fitar da kujerarsa don tana matse falo. Bayan duk wannan kuma ta ɗauki shida cikin ɗari la'ada. Na ce mata, "'Yar nan, shekara arba'in da uku ina share gidan nan, ke ce za ki nuna min inda yake da kyau?" Da za ta tafi ta tsaya a lungun mota tana dube-dube, ta ce wannan fa sai an sa shi a takarda, in ba haka ba zai jawo rigima. Na rufe ƙofata.

Kin dai tuna lungun da ke tsakaninmu da su Bernice. Filin namu ne, amma Chet da Leonard mijinta ne suka zuba simintinsa tare shekarar da muka tare, suka yi musabaha, shi ke nan. Tun daga ranar motarmu da tasu nan suke bi, ba a taɓa jin kanmu ba. Yanzu ma ya fi yi musu amfani. Tunda aka yanke wa Leonard ƙafa a keken guragu yake, kuma sau uku a mako motar asibiti take zuwa ta kai shi wankin ƙoda. Ƙofarsu ta gaba matakala tara ce a miƙe. Ta lungun nan kaɗai motar take shiga har ƙofar baya, inda 'yan cocinmu suka yi masa gangara ta katako.

Da na gaya wa Bernice zan koma kusa da Doug a Columbus, kuka ta yi sosai. Na riƙe hannunta na ce ni zan zaɓa mata maƙwabta da idona, ba wata baƙuwa da ba ta san kowa a layin nan ba. Dillali kuɗi yake dubawa, ni kuwa mutum zan duba. Wannan ne babban dalilina, ko da yake ba zan ɓoye miki ba, la'adar ma ta tsaya min a wuya.

Ki rubuto, amma ban da wa'azi.

Ƙanwarki,
Darlene

Toledo, 3 ga Yuni

Yaya Lorraine,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da mutanen gidan. Na sami takardarki, na kuma ga wa'azin da na ce kada ki yi, shafi biyu cif. To ki ajiye shi, gida ya sayu.

Amma na ga mutane, Yaya. Wani ya zo yana ƙwanƙwasa bango da makulli, ya ja ruwan kowane banɗaki, sannan ya taya rabin kuɗi ko kunya babu. Wata ta buɗe min durowar kaya tana tambaya ko a nan mijina ya rasu. Na ce a'a, amma in ba ta cire hannunta ba ita za ta iya rasuwa a nan. Ga masu waya safe da yamma, wai kuɗi a hannu suke saye. Duk Asabar sai in gasa kek, in goge tagogi, in zauna ina kallon baƙi suna taka min darduma.

Sai ga Colton Hensley da matarsa Paige, ita da cikinta wata shida. Suka cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce musu ba. Washegari suka aiko min da wasiƙa da hotonsu da karensu, irin wadda masu neman gida suke rubutawa yanzu, wai sun ga ɗansu yana rarrafe a falona. Na san ana yi don a sace zuciyar mai gida, amma tawa ta satu.

Na kai Colton lungun da kaina, na nuna masa gangarar, na gaya masa halin da Leonard yake ciki. Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Mama, ai ko ba ki faɗa ba. Kakana ma a keke ya ƙarasa rayuwarsa." Muka yi musabaha a wurin, ina kallon ƙwayar idonsa. Bernice ta ɗan tayar da hankalinta kan wata magana, amma mun kashe ta tsakaninmu, ba sai na dame ki da ita ba.

Takardun ciniki a intanet Doug ya samo min, ni na cike su a teburin kicin. Ranar Juma'a muka sa hannu a ofishin da ake canza sunan mai gida, ko awa ɗaya ba mu yi ba. Ashe abin da ake biyan dillalai dubbai a kai ke nan! Ƙarshen wata zan tashi. Na bar wa Paige labulen falo da gadon jaririn da Doug ya kwanta a ciki.

Taki mai baki,
Darlene

Columbus, 21 ga Agusta

Yaya Lorraine,

Ina gaisuwa. Ina fata jikin da sauƙi. Ni lafiyar jiki ƙalau, amma raina a ɓace yake, shi ya sa kika ji ni shiru.

Colton ya kafa shinge. Sati uku da tashina ya kawo masu awon fili, suka soka 'yan tutoci tun daga bakin titi har gareji, sannan aka zo aka dasa katako mai tsayin mutum a kan iyakar. Abin da ya rage tsakanin shingen da bangon su Bernice ko kwandon shara ba ya wucewa, balle keken Leonard, balle mota. Gangarar tana nan a bayan gida, ba hanyar isa gare ta.

Ba ma daga bakin Bernice na ji ba, wata 'yar cocinmu ce ta kira ni. Nan take na buga wa Colton waya. Kin san abin da ya ce? Wai kare yana fita titi, ga jariri na tafe, kuma kamfanin inshora ya ce in motar asibiti ta buge wani a filinsa shi za a kama. Na ce to alkawarin da ka yi min fa? Ya ce, "Mama, na ce zan duba ne, kuma na duba. In da akwai wani abu a takarda, ki turo min." Muryarsa a sanyaye, da ladabi, yadda ya cire takalmi a ƙofata. Na zage shi zagin da ban taɓa yi wa ɗan wani ba, ya bari na gama, ya ce in gaida gida.

Doug ya kai ni wurin lauya. Na ce shekara arba'in da uku suna bin lungun nan, ai ya zama haƙƙinsu. Ya ce a'a, tunda da izininmu suke bi, alfarma ce, kuma alfarma tana tafiya da mai ita. Da an rubuta an kai ofishin rajistar filaye kafin in sa hannu, da ko wa ya sayi gidan ba zai iya rufewa ba. Shafi ɗaya, in ji shi, aikin rabin yini.

Yanzu maza biyu ne suke ɗaga Leonard da kekensa su sauko da shi matakala tara, su kuma hau da shi, sau uku a mako. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaukar gilashi a masana'anta. An ce rufe ido yake yi har a dire shi. Masu motar sun ce da zarar ƙanƙara ta fara zuba ba za su ƙara ba, don ba za su karya wuyansu da nasa ba. Gaban gidan kuma ya yi tsayi da ƙunci, ba a iya yin gangara a wurin.

Ina jin haushin Colton, ina jin haushin matarsa da ke kwana bayan labulena. Har Chet nake jin haushi a kabarinsa, shi da musabaharsa.

Ki sa su a addu'a.

Darlene

Columbus, 16 ga Nuwamba

Yaya Lorraine,

Ina gaishe ki, ina kuma gode miki da ba ki ce "ai na faɗa" ba. Yaya sanyin safiya a wurinku? Nan ƙanƙara ta sauka tun makon jiya.

An kai Leonard gidan kula da tsofaffi ranar ɗaya ga wata. Bernice ce kaɗai a gidan yanzu, kullum sai ta hau bas biyu ta je ta gan shi.

Akwai abin da ban gaya miki ba, ban gaya wa Doug ba, ban gaya wa lauya ba. Kin tuna maganar da na ce mun kashe ni da Bernice? Takarda ce ta kawo min. A watan Mayu, bayan na yi musabaha da Colton, ta je wurin wani lauya ɗan cocinmu ya rubuta mata shafin nan ɗaya, sa hannuna kawai ya rage. Na karɓa na ce zan duba. Da yamma na nuna wa Colton a teburin kicin. Ya karanta, ya yi murmushi, ya ce shi ba ya son gida mai igiya a ƙafa. In an sa wannan, to sai an rage dala dubu takwas, ko kuma su nemi wani gidan.

Yaya, a lokacin na gane. Wanda ya yi niyyar barin hanya a buɗe ba ya tsoron a rubuta. Na gane sarai. Amma na gaji da baƙi da gasa kek, na riga na yi wa kowa cika baki cewa na sayar da kaina kuma ban yi asarar ko sisi ba. Ba dillaliya a wurin da za ta ce min kul, ba kowa sai ni da shi da kofi biyu. Na ninke takardar.

Washegari na mayar wa Bernice. Ban ce mata Colton ya ƙi ba. Cewa na yi, "Haba Bernice! Shekara arba'in da uku, ni za ki kawo wa takardar lauya? Ni da na yi jinyar uwarki?" Fuskarta ta yi ja, ta ce in yi haƙuri, tsoro ne ya sa ta. Ta ba ni haƙuri, Yaya. Ita ta ba ni haƙuri, ni kuma na yafe mata.

Ranar Talata Doug ya kai ni Toledo. Na gaya mata komai a tsaye, ban ko cire kwat ba. Na so ta zage ni, ta kore ni. Ta ci gaba da ninke wankin Leonard, ta ce ta sani tun watan Yuli, don Colton da bakinsa ya gaya mata ranar da ake kafa shingen cewa an nuna masa takardar ya ƙi, kuma mai gida ta yarda. Sannan ta ce, "Leonard bai san da wata takarda ba. Shi a ganinsa yaron nan ya yaudare ki ne kamar yadda ya yaudare mu, kullum sai ya tambaye ki. Ki je ki gaishe shi. Amma kada ki kuskura ki gaya masa don ki ji sanyi a ranki. Abin da ya rage masa kaɗan ne, ba za ki ƙara karɓe wani ba."

Na je. Ɗaki ne na mutum biyu, labule a tsakani, ya rame har na kusa wuce shi. Yana ganina ya washe baki ya ce, "A'a, ga babbar dillaliya!" Ya kama hannuna da hannayensa biyu. Ya ce Bernice ta gaya masa ba na cin abinci saboda damuwa, to in daina. Wai mutanen kirki irina da Chet su ake cuta, don ba su san mugunta ba, kuma shi bai taɓa riƙe ni a ransa ba ko na minti ɗaya. Ya sa na yi masa alkawari zan daina zargin kaina.

Na yi masa alkawarin. Na gyaɗa kai, na ce na gode. Minti arba'in na zauna yana lallashina, da zan tafi ya ce in dawo kafin Kirsimeti.

Kada ki rubuto ki ce kowa yana kuskure, don wannan ba kuskure ba ne. Ki gaishe da mijinki. Zan koma wurin Leonard ranar goma ga wata mai zuwa, tunda ya roƙa.

Ƙanwarki,
Darlene