Ƙwan Gwaggo

Litinin, 3 ga Maris
Gwaggo ta yi ƙwai, ta binne su a rairayin bakin kududdufinta. Ita ce kada ɗaya tak da ta rage mana a gidan dabbobin nan tun da namijin ya mutu bara, wato waɗannan ne na ƙarshe. Matata ta ce yadda nake murna kamar ni za a naɗa kaka. Ta yi ta dariyarta.

Alhamis, 13 ga Maris
Likitar dabbobi ta ɗebi jinin Gwaggo. Ta tambayi me nake ba ta. Na faɗa mata da alfahari: ɗanyen kifi daga tafkin bayan tashar lantarki mai ƙona kwal, ni nake kamowa da kaina, kamar yadda maigidana a aikin nan ya koya mini. Shi ko kallon kifin ƙanƙara ba ya yi. Sai likitar ta tambayi ina tashar take zubar da tokarta.

Laraba, 2 ga Afrilu
Seleniyam, in ji likita, wani sinadari mai guba. Daga toka ya shiga ruwa, ƙwari su ɗauka, kifi ya ci ƙwari, Gwaggo ta ci kifi. Kaɗan-kaɗan yake taruwa a hanta, abin da ya taru kuma uwa takan zuba shi cikin ƙwai. Na ce ai Gwaggo ras take, dubi ƙibarta.
“Malam, ita za ta iya ɗauka. Su ne ba za su iya ba.”
Raina ya ɓaci, na rasa da wa zan yi faɗa.

Juma’a, 4 ga Afrilu
An koma ba Gwaggo kaji. Ta ƙi ci, ita ma da tata fitinar.

Talata, 27 ga Mayu
Kullum da safe ina durƙusawa jikin wayar shingenta, in kasa kunne wajen rairayin. ’Ya’yan kada sukan yi kuka tun suna cikin ƙwai, uwar ta ji ta tono su. Shiru. Likita ta ce in rage sa rai. Ina ruwanta da raina?

Alhamis, 5 ga Yuni
Lokaci ya wuce. Wurin ya fara wari. Gwaggo na nan kwance a kai, ko ƙadangare ya gifta sai ta yi masa huci. Tausayinta ya hana ni cin abinci.

Litinin, 16 ga Yuni
Na share, na canza ruwa, na wuce ban durƙusa ba. Gwiwa ce ke damuna, ba wani abu ba. Ita har yanzu tana gadi.