Kaskon da ke cin katinmu

Ya Fanna,

Na fita kina barci. Da safe na kashe komai don in gano abin da ke cinye mana katin wuta kafin wata ya raba, amma mita ba ta daina ƙiftawa ba. Ashe kaskon turarenki na lantarki ne a falo, yana kunne tun jiya. Na cire shi, sannan na lura lafayarki ta bikin gobe kike turarawa. Ki yi haƙuri.

Kafin in tafi karatu Malesiya, da gawayi kuke yi. Akwai shi a kicin. Ki gwada, ina son in san ko ƙamshin ɗaya ne. In bai kama ba, ki mayar da kaskon, ni zan haƙura da fankata.

Uwais