Layin Inna

Goronyo, Assabar

Yaya Mu'azu, assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Salima? Tunda anka rufe sabis ɗin waya a nan mun koma takarda kamar mutanen da. Isah direba zai kawo maka wagga.

Makarantar koyon jinya ta ɗauke ni, malaminmu ya gano sunana. Sai dai sun ce kowace ɗaliba ta shiga shafinsu ta buɗe imel kafin Juma'a ta wuce, ta nan za su turo takardar shiga. Wadda ba ta buɗe ba, a ba wata gurbinta. Kai da ke cika mu da bakin ka iya kwamfuta, to ga ranarka.

Ƙanwarka, Bilkisu

Sakkwato, Litinin

Bilkisu, wa alaikis salam, ina taya ki murna. Na cika komai, suna da kalmar sirri. A ƙarshe shafin ya ce ya tura lambobi shida ga layin da kika cika fom da shi, a shigar cikin minti goma. Layin Inna kika sa! Na gwada nawa ya ƙi. Na tafi makarantar, suka ce wani kamfani ke riƙe da shafin, in aika masa imel. Na aika, shiru. Ki ciro layin ki ba Isah.

A gaida Inna. Mu'azu

Goronyo, Talata

Yaya, bayan gaisuwa, Inna ta ƙi. Ka san lambarta kaɗai Yaya Halliru ya haddace, kuma wata biyu ke nan da 'yan bindiga sunka tare motarsu a hanyar Rabah, ba mu ji komai ba. Kullum sai ta kai wayar caji, ta ɗaure ta a bakin zane, wayar da ba ta ƙara. Na ce mata ai a Sakkwato ne kira zai shiga. Ta ce, "To in ya kira, wa za ya ji muryarshi, ni ko Mu'azu?" Na yi kuka, ta yi kuka. Wallahi ban san mi zan yi ba.

Bilkisu

Goronyo, Alhamis

Yaya, ga layin cikin ƙullin leda. Ita ta ciro shi da kanta, ban sake roƙo ba. Ta ce a maido mata jibi.

Bilkisu

Sakkwato, Juma'a

Bilkisu, sallama. Imel ɗinki ya buɗu, takardar ta zo, gurbinki na nan.

Da na sa layin, wani saƙo ya riga lambobin shigowa. Wata baƙuwar lamba ta nemi Inna sau goma sha huɗu, na ƙarshe sati ukku da suka wuce. Tun safe nake kira, a kashe take.

Gobe Isah zai maido layin. Ban goge saƙon ba, tunda Inna ba ta karatun boko. Ki faɗa mini, mu gaya mata?

Yayanki, Mu'azu