Auta a Shagon Guga

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya zaman daji? Tunda inda kuke gina titin babu sabis, na ba direban kamfaninku wannan takardar ya kawo maka.

Albishirinka, ƙanwarka ta zama ma'aikaciya. In an tashi makaranta ina wucewa shagon wanki da guga na bakin kasuwa. Mai shagon tsoho ne, Kawu Sitati ake ce masa, don in ya tuɓe rigarsa ita kaɗai za ta iya tsayawa ta yi ciniki. Da farko ninki nake yi, yanzu ya ba ni dutsen guga, amma zanin gado da labule kawai. Wai kwalar riga sai na yi gemu. Shagon ɗan mitsitsi ne, fanka ɗaya, ita ma zafin take raba mana. Kawu ba ya surutu, rediyo ce ke yi mana.

Asabar da Lahadi kuma ina gidan biredi, ina zubawa a leda ina ɗaurewa. Duk manyan mata ne. Suna cikin hirar mazajensu, da na matso sai su ce, “A yi shiru, akwai yarinya.”

Ƙawayena sun daina biyo mini. Ban ga laifinsu ba, kullum suka zo ba na nan. Mama na nan yadda ka bar ta.

Ka huta lafiya.
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Amin wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso, kuma ban ji daɗinta ba.

Shekararki sha shida, jarrabawar fita na gabanki, ki kama aiki har biyu? Da wa kika yi shawara? Tun da Allah ya yi wa Baba rasuwa ni ne a madadinsa, ko ina kusa ko ina nesa. In abin da nake aikowa ne bai isa ba, ki faɗa, zan ƙara ko da zan ɗaure cikina. Me kike so mutane su ce? Yayanta na raye tana goge wa ƙattin gari kaya?

Ki je ki ba tsohon haƙuri cikin ladabi, ki ajiye aikin biredin ma. In kin taso makaranta ki koma gida ki zauna kusa da Mama. Ita ta fi kowa bukatarki.

Ki gaishe ta da kyau. Allah ya yi miki albarka.
Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta, na sake karantawa, kuma ka yi haƙuri, ban ajiye ba.

Ka ce in zauna kusa da Mama. Ka taɓa gwadawa? Kai ka koma aiki ana cikin karɓar gaisuwa, gida cike da mutane. Ba ka ga gidan ba bayan da kowa ya watse. Mama tana dafa abinci, tana salla, tana shara. Sauran yinin tana kujerar Baba tana kallon taga. Keken ɗinkinta ta lulluɓe shi da zani, masu kawo ɗinki sun gaji sun daina zuwa. In na yi sallama ta amsa ba ta waiwaya ba. In na ba ta labari ta ce “To.” A tsaye nake cin abinci a kicin, don in na zauna a falo har ƙarar haɗiyata nake ji.

Abin da kake aikowa yana isa. Ba shi ya kai ni ba. A shago aƙalla akwai mai cewa, “Auta, miƙo mini hanga.”

Makon jiya wuta ta ɗauke ta dawo, na manta dutsen na jone, ya kife mini a bayan hannu. Kawu ya rufe shago ya kai ni kemis, yana faɗa duk hanya kamar shi ya ƙone. Aka naɗe mini hannun da bandeji, fari fat. Da na dawo na haɗa wa Mama shayi, na miƙa mata da wannan hannun. Ta karɓa ta ce, “Allah ya yi albarka.” Ba ta gani ba.

Ban ɓoye ba, Yaya. Har ɗora shi nake yi a kan tebur a gabanta. Har yau ba ta gani ba.

Karatu kuwa kada ka damu, a kan teburin ninki nake yi in babu kaya.

Auta

*

Autar Mama,

Sannu. Ya hannun? Kada ki bari ruwa ya taɓa shi, kuma ki riƙa komawa ana wanke miki.

Na yi miki faɗa ban san dawan garin ba. Na je wurin shugabanmu neman hutu, ya ce sai an gama gadar da muke kai, don haka ba zan yi miki alkawarin rana ba. Zancen ajiye aiki na janye. Amma na rubuta wa Mama takarda daban, na gaya mata abin da kika gaya mini. Na san za ki ji haushina. Ki ji, na ɗauka.

Ki gaishe da Kawu, ki ce ɗansa na godiya.
Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Haushin na ji shi, har na rantse ba zan ƙara rubuto maka ba. Ga shi ina yi.

Ranar da direba ya kawo takardun, Mama ta shiga ɗaki da tata ta rufe ƙofa. Washegari da la'asar ina guga sai na ji Kawu ya ce, “Baiwar Allah, wanki ne ko guga?” Na ɗago, sai ga Mama a bakin ƙofa, takalmanta duk ƙasa. Rabonta da fita tun rasuwa. Ashe ta yi ta tambaya shago-shago.

Ta ce, “'Yata na zo gani.”

Kawu ya rasa inda zai sa kansa. Ya share benci da hularsa, ya rage rediyo, ya tuna wai yana da saƙo a cikin kasuwa.

Mama ta kama hannun nawa ta juya shi. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Da wannan kika ba ni shayi?” Na ce e. Ta ce, “Kuma na karɓa.” Na zaci za ta yi kuka, ba ta yi ba. Ni ce na yi, a kan zanin gadon mutane, sai da na sake goge shi.

Ba ta ce mu tafi ba. Ta zauna tana kallona ina aiki. Can ta hango wata riga maɓallinta na lilo, ta ce, “Haka kuke mayar wa mutane kaya? Ba ku da allura?” Na nemo mata. Kafin Kawu ya dawo ta bi rigunan da ke rataye kaf. Ya duba ya ce, “Hajiya, kin fi 'yar taki amfani.” Ta ɗan murmusa.

Kada ka ɗauka komai ya gyaru. Jiya ma ta koma kujerar nan ta wuni. Amma yau da zan fita ta tambaye ni yaushe nake tashi.

Mama ta ce in bar mata wuri a ƙasan takardar nan.
Auta

*

Babban ɗana,

Ina gaishe ka, Allah ya tsare mini kai. Na ga takardarka. Ba ka yi ƙarya ba.

Ka bar ta ta yi aikinta, tsohon mutumin kirki ne. Na biredin na ce ta ajiye sai bayan jarrabawa, ta yarda.

Da muna tahowa daga shagon na ga ta fi ni tsawo. Ban san yaushe ta yi shi ba.

In an gama gadar ka zo.
Mamanku