Robar Kulocin Jan Zakara

Aboabo, Kumasi
16 ga watan Azumi, 1969

Zuwa ga ƙanena Garuba, a Zongon Lome.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kun isa lafiya, kai da iyalinka da 'yata Ajara. Ya ibada? Ya ƙafar Ajara, ta daina kumburi?

Saura kwana biyar wa'adin da aka ba marasa takardar zama su bar ƙasar ya cika. Layinmu ya zama kamar an yi shara. Ni da aka haifa a Alabar, nan cikin Kumasi, jiya aka ce mini baƙuwa ce, tunda Baba daga Gaya ya zo.

Jikin maigida yana nan yadda ka bar shi. Ɓarin dama bai motsi, magana ba ta dawo ba. Na ba shi cokali da kwano: bugu ɗaya i, biyu a'a. Na je tasha na ga yadda ake cusa mutane a lori, a tsaye, an ce wasu kwana huɗu suke yi a bakin iyaka cikin rana. Garuba, in na ɗora shi a can, gawa zan kawo muku. Na tambaye shi ko Gaya yake so a kai shi, ya buga ɗaya har kwanon ya kife.

Saboda haka sai Jan Zakara, motar tseren da wani Bakware ya bar masa a garejinsa. Ka san shekara biyu yana kanta, ya ƙara mata ƙarfi har yaran unguwa kan toshe kunne in ta tashi. Injin lafiya lau. Kuloci ne ya mutu, ɗan ƙarfen da suke kira masta, wanda yake tura mai in an taka feda. Maƙwabcinmu Iddrisu, direban katako, shi Badagombe ne, ɗan ƙasa, dokar ba ta shafe shi ba. Ya zaga Magazin, unguwar makanikai, duk, masu kayan mota sun kulle sun tafi, da ƙyar ya samo tsohon masta na wata mota dabam. Ya ce ba 'yar gidan ba ce amma za a ɗaura musu aure haka nan.

Ya buɗe shi ya jera kayan cikinsa a faranti, sai aka kira shi wurin aiki. Na ga datti ya yi yawa, raina bai so ba. Maigida na barci, na ɗauko kananzir na wanke su ɗaya bayan ɗaya, har da 'yar baƙar robar da ke ciki, yadda na ga yana wanke ƙarafa shekara ashirin da shida. Iddrisu ya dawo da la'asar, ga azumi ga mura, ya yaba, ya haɗa ya ɗaura.

Sandar da ke shiga cikin mastan ta yi tsawo, sai da aka rage da zarto. Muka ɗauki maigida muka zaunar da shi gaban sitiyari, yana taɓa feda da hannun hagu, Iddrisu na juya noti. Biyu, biyu, biyu, sai can ya buga ɗaya. Wai dole a bar wa feda ɗan wasa kamar kaurin yatsa. Daga nan aka sa ni na zauna ina taka feda, Iddrisu na ƙarƙashi yana fitar da iska daga man birki, yana ihu da kiran da mutanen nan ke yi wa uwa, Maame taka, Maame riƙe, ai ba sakwara kike daka ba! Na ji kunya, amma na taka.

Ranar Litinin da safe za mu taso in Allah ya yarda. Ka tare mu a Aflao, bakin iyaka, ka karɓi tuƙi, Iddrisu ba zai ƙetare ba. Ka ce wa Ajara ta share wa babanta wuri mai inuwa.

Yayarka,
Habsatu

Aboabo, 24 ga watan Azumi

Ƙanena Garuba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina tambayar lafiyarku. An faɗa mini kwana biyu ka yi a Aflao kana leƙen kowace jar mota. Ka yafe mini.

Mun taso. Na shimfiɗa masa katifa a baya, na ɗaure Alƙur'anina da tukunya biyu, na ba matar Iddrisu makulli. Tun a ƙofar gida Iddrisu ya ce feda ta yi masa nauyi. Muna kaiwa Oforikrom, ko fita gari ba mu yi ba, wurin da masu kayan miya suke tare hanya, ya taka, ta tafi ƙasa ba ta dawo ba. Ya sa yatsan ƙafa ya ɗago ta, ya sake takawa, ta sake kwanciya. Giya ta ƙi shiga. Lorori cike da mutanenmu suna wuce mu, wasu na ɗaga mini hannu.

A bakin hanya ya kwance mastan. Robar ta kumbura ta yi laushi kamar burodin da aka tsoma a koko. Ya kai ta hanci, murar ta sake shi a lokacin, sai ya fara zagin wanda ya sayar masa, yana cewa wane jaki ne zai sa wa robar kuloci kananzir, ko akuyar Magazin ta san man birki kaɗai ake wanke ta da shi.

Garuba, da na yi shiru, babu mai sani. Amma da azumi a bakina, ana zagin bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Na ce ni ce. Iddrisu ya tsaya da robar a hannu, ya ce Maame!

Na juya wurin maigida. Ina jiran bugu biyu. Sai na ga kafaɗarsa na rawa, ashe dariya yake yi, ta farko tun da ciwon ya same shi, hawaye na bin gefen da bai motsi. Ya miƙo hannun hagu ya kama yatsuna ya riƙe. Da ya buge ni da cokalin da ya fi mini sauƙi.

Masu kaya ne suka turo mu har gida. Iddrisu ya koma Magazin sau uku, ya aika Ankara, babban birnin ƙasar, babu robar. Ya yanka ta taya ya gwada, man ya zube a ƙasa.

Wa'adi ya wuce. 'Yan sanda sun shiga layin bayanmu shekaranjiya. Na mayar da maigida ɗakin ajiyar masara na gidan Iddrisu, ba taga, kuma tari ya kama shi. Na ɗaure tsohuwar robar a tsumma na ba mai kawo wannan takarda. Ka nuna a Lome, ko Allah zai sa a dace. Ban sa rai sosai ba.

Kada ka faɗa wa Ajara ni ce. A'a, ka faɗa mata.

Habsatu

Aboabo, 12 ga Zulƙida, 1970

Ƙanena Garuba,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, robar ta iso hannuna ranar Laraba. Mai goron da ka aiko da ita ya ce wata guda aka tsare shi a iyaka. Na gode, Allah ya saka maka.

Maigida ya rasu ranar Asabar da ta wuce, bayan azahar, kwana huɗu kafin ta zo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tarin ne ya sauka ƙirji. An kai shi maƙabartar Tafo. Mutum tara ne a jana'izar, shi da ya gyara motar rabin Zongo. A can babu wanda ya tambaye shi takarda.

Na ce wa Iddrisu ya ɗaura robar. Ya ce Maame, don wa kuma? Na ce ya ɗaura dai. Na wanke ta da man birki da hannuna. Da aka zo wurin noti babu mai buga kwano, sai na sa yatsana na auna yadda na ga ya yi. Na taka, na riƙe, na saki. Feda ta dawo, Garuba. Na sake takawa ta dawo. Iddrisu ya tayar da injin, ya sa giya ta shiga ba ƙara, ya kashe ya fita waje ya bar ni a ciki.

Ka ce in taso nan da nan. Ba zan iya ba, ina takaba, wata huɗu da kwana goma a ɗakinsa. In 'yan sanda sun zo kafin nan, su same ni a kan tabarmata. Na ba Iddrisu makullin motar, ya ƙi karɓa, yana nan rataye a ƙusa kusa da cokalin.

Ka ce wa Ajara wurin da ta share, ta sa kayanta.

Ina gaida kowa da kowa. Ku sa shi a addu'a, ni ma ku sa ni.

Yayarka,
Habsatu