Inda Kake Tsayar da Fim

Yaya Bashiru,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, wanda ke kwance a maƙabartar Kaura ba a kai masa wasiƙa. To amma wa zan gaya wa?

Inna na nan, sai dai abinci ba ya shigar ta. Gidan kallonka a rufe yake tun ranar da 'yan bindiga suka tare motarku a hanyar Zurmi. Jiya na buɗe, ɓera ya cinye wayar janareta.

Ka tuna halinka mai ban haushi? Daidai jarumi ya ɗaga takobi kan mugu, sai ka tsayar da fim, ka juyo ka tambayi 'yan kallo ko sun san wannan ma uwa ce ta haife shi. A yi ta ihu, ana jifarka da ɓawon gyaɗa. Na fi kowa zaginka. Kakan ce ko kurar tatsuniyar Inna yunwa ke sa ta wauta, shi ya sa muke mata dariya, ba mu tsane ta ba. Ni da 'yan littattafan da na tsinta bakin tasha na ce tunanin ragwaye ne. Abin da ban taɓa faɗa maka ba: a wannan tsayawar nakan kalli fuskar mugun, in ga tsoro ya maida ita kamar ta jariri, har ta yi kyau. Sai in ƙara zagi don kada a gane.

Ga labarin. An gano wanda ya sanar da 'yan bindigar lokacin tashin motarku. Ilu ne mai faci, wanda ke zama bencin gaba a gidan kallonka yana sharar hawaye in an raba uwa da ɗa. An ce 'yarsa suka riƙe a daji, suka ce ya kawo labarin mota ko su aiko da gawarta. Ya ɓuya a rumbun kawunsa a Badarawa. Ni kaɗai na gan shi, ranar da na kai taki.

'Yan sa-kai sun zo sau biyu. Gobe bayan Juma'a za su dawo. Sun ce ƙanen mamaci ne ya kamata ya shige gaba. Na ga addunansu, sun sha washi.

Wallahi na tsane shi, Yaya. Amma ka ɓata ni. Da na rufe ido in ga addar ta tashi, sai hoton ya tsaya cak, ga fuskar Ilu. Wa ya ba ka izinin barin mini wannan ciwon?

Gobe zan ce ban san inda yake ba. Ba yafewa na yi ba, tsayarwa kawai. In suka gane ƙarya na yi, ka san sunan da za su kira ni da shi, ɗan rahoton 'yan bindiga, ka san abin da ke biyo bayan sunan. A nan ba ɓawon gyaɗa ake jifa da shi ba.

Allah ya haskaka kabarinka. In akwai fili kusa da kai, kada ka bari a cike.

Ƙanenka mai bakin nan,
Nasiru